Kwanon Birki a Maƙerar Baba

Ni ne na farko da ya riƙe lasin tuƙin mota a unguwarmu ta maƙera a Bungudu, ni ne kuma na farko da aka ƙwace wa nasa. Tsakanin samu da rashi bai cika shekara biyu ba. Lokacin Turawa na nan, saura 'yan shekaru su tattara nasu ya nasu, Gusau kuwa ta cika da gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa na kwasa ba ya gamawa. Duk wanda ke da lasin a aljihu a wannan zamani ya fi malamin ofis hura hanci, ni ma kuma na hura nawa daidai gwargwado.

Ban same shi a banza ba. Shekara huɗu na yi a garejin wani bakanike a Sabon Garin Gusau, mutumin Kudu ne da ya bar aikin reluwe ya kafa nasa a gindin wata bishiyar mangwaro. Masifaffe ne na gaske, in sifana na hannunsa ba ya jinkirin jifa da ita, amma ban taɓa ganin wanda ya san ƙarfe kamarsa ba, in ka cire mutum ɗaya. Mutum ɗayan nan shi ne mahaifina. Baba maƙeri ne ɗan maƙeri, laujensa da gatarinsa har Mada ake zuwa nema, kuma ya san an san shi. Bai taɓa yafe mini barin maƙera ba. In na zo gida ba ya kiran sunana, sai ya ce, "Direba ya iso," da wata irin murya da in baƙo ya ji sai ya zaci sata nake yi a Gusau.

Motar da nake ja ta wani Alhaji ce, ɗan kasuwa, babbar mota mai bodin katako. A kakar gyaɗa ta shekarata ta biyu birkinta ya soma ba ni tsoro. In na taka sai in ji yana harbin tafin ƙafata, motar na fizga gefe ɗaya. Na kai wa maigidana bakanike, muka cire tayar gaba ta hagu. A bayan taya akwai wani kwanon ƙarfe mai kauri da ke juyawa tare da ita, takalman birki na matse shi daga ciki, shi ne ke tsayar da mota. Namu ya ci ta ciki, ya yi zane-zane, ya kuma karkace, ya tashi daga da'ira. Maigidana ya shafa shi da yatsa ya ce wannan ya gama aiki, sai an aiko da sabo daga Kano a jirgi, mako guda ko fiye. Alhaji bai yi gardama ba. Ya ce a aika, zai biya kaya ya biya aiki, a ɗora motar a kan duwatsu a bayan kantinsa har sabon ya iso. Washegari shi ma ya hau jirgi ya tafi harkarsa, ya bar akawunsa a kanti.

Da abin ya tsaya nan da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma na sami mako guda ba aiki, na ce bari in je gida, kuma ɗan maƙeri ba ya zuwa gida hannu rabbana alhali ga tsohon ƙarfe a yashe. Maƙera na son ƙarfen mota ƙwarai, da sifirin, falankin ƙarfen nan da ke ɗauke nauyinta a kan tayoyi, suke yin gatari mafi kyau. Na ɗauki kwanon nan na sa a buhu, ni a wautata tsaraba na kai.

Na tarar da Baba a maƙera shi da baffana, ƙanensa, wanda ke yi masa zuga. Na gaishe su na ajiye buhun. Baba ya zazzage kwanon, ya juya shi, ya mirgina shi a ƙasa ya ga yadda yake tafiya yana ɗingishi.

"Mi yas same shi?"

"Ya karkace, Baba, ya kuma ci ta ciki. An aika Kano a kawo sabo."

"Wa yac ce ba shi gyaruwa?"

"Maigidana bakanike."

Ya ajiye masaba a hankali, abin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci. "To. Ashe ni na mutu ban sani ba. Ina zaune da raina, ɗana shi ɗauki ƙarhe shi kai ma baƙo, baƙo shi ce ƙarhe ya ƙare. Kakanka tama yat tona da hannunai yan narka ta, ba a taɓa jin gidanga ya kai ƙarhe waje ba. Sai kai."

Na ce, "Baba, wanga ƙarhen zubi na, irin na tukunyar ƙarhe. Ba shi son wuta, ba shi son duka."

Ya dube ni, ya dubi baffana, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kana ji? Shi za ya koya man abin da ƙarhe ka so."

Iyakar gardamar da na yi ke nan, kuma ko ita ta yi yawa a gidanmu. Wanda bai tashi a irin gidan ba ba zai gane ba. A maƙera ɗa ba ya cewa uba aikinka ba zai yi ba, balle a gaban ƙanen uban. Ana iya yafe maka sata, ba a yafe maka wannan. Baba ya ce wa baffa ya tashi, ya nuna mini wurin zuga da baki. Na zauna na kama zugazugi, ni da hannuna na hura wutar da aka sa kwanon a ciki.

Gaskiya ita ce aikin ya yi kyau a ido, wannan ma na cikin abin da ke ƙona mini rai. An zuba gawayin ƙirya aka rufe shi, ya yi ja, suka ɗago shi da awartaki biyu suka ɗora a uwar maƙera. Baba ya riƙa bin gefensa da duka ƙanana, jere reras, yana juyawa yana aunawa da wani karan dawa da ya yanka daidai faɗinsa. Sau uku ana mai da shi wuta. Da ya gamsu sai ya yi abin da yake yi wa kowane gatari don bakinsa ya yi ƙarfi, ya ce a tsoma shi a kwamin ruwa. Ruwan ya yi ƙara, tururi ya cika rumfar. Da ya huce ya bi cikinsa da magagari har zanen ya ɓace, ya mirgina shi a ƙasa, ya tafi sumul ba ɗingishi. Baffa ya yi ta jinjina kai yana sa albarka.

Akwai wani abu da maigidana ya koya mini tun shekarata ta farko. Ƙarfen zubi in kana son sanin lafiyarsa sai ka rataye shi da igiya ka ƙwanƙwasa. Mai lafiya zai yi amo mai tsawo kamar ƙararrawar tasha, wanda ya tsage a ɓoye kuwa sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Da suka tafi sallar la'asar na ce zan biyo su, na rataye kwanon a jikin rumfa na buga. Ya ce ƙwas. Na juya shi na sake bugawa ta wani gefen, ko Allah zai sa kunnena ne. Haka ya sake yi.

Na yi niyyar in mai da shi buhu in kai Gusau in jefar a bayan gareji, in jira sabo, in an tambaye ni in ce an ɗaura. Baba ya riga ni. Muna cin tuwo ya ce jibi kasuwar Tsafe, yana da lauje dami biyu da ya daɗe yana son kaiwa can, kuma bai taɓa shiga motar da nake ja ba.

"Gobe mu tahi Gusau tare. Ka ɗaura shi ina gani, jibi ka kai ni Tsahe."

Shekara shida ina jiran ranar da Baba zai ce zai shiga motata. Sai ga shi ta zo a haka. Na ce to.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka wanke kaina nake yi. Na ji amon kwanon nan da kunnena, na san abin da yake nufi, kuma ni na ɗaura shi. Ban bi ta gareji ba, na zaga ta bayan kasuwa don kada maigidana ya hango ni. A bayan kantin Alhaji na shimfiɗa buhu na fito da sifanuna, Baba na tsugune a gefe yana kallon hannuna, har ya ce ashe dai na koyi wani abu. Wannan ita ce yabawa ta farko da na samu daga bakinsa, na kuwa ji daɗinta, Allah ya yafe mini. Na ce wa akawu an gyara birki. Shi bai san kwano ba bai san murfi ba, murna kawai ya yi, don akwai gishiri da kananzir da ke jiran a kai Tsafe. Na yi ta gaya wa kaina tafiya ɗaya ce, zan bi a hankali, zan riƙa rage gudu da giya ba da birki ba, in mun dawo in sauke shi.

Da safe muka ɗau hanya, kaya a baya, fasinja kamar goma a kan kayan, Baba a gaba kusa da ni da sabuwar rigarsa. Har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ban taka birki da ƙarfi ba ko sau ɗaya. Baba na ta nuna mini gonaki yana faɗin wanda ya taɓa yi wa garma a kowane ƙauye. Ya ce, "Ka gani? Ina abin da baƙonka yac ce?" Na ce lafiya lau, Baba.

Dab da shiga Tsafe akwai 'yar gangara da ke sauka kan wata ƙaramar gada. Ranar kasuwa ce, hanya cike da mutane da jakuna. Na sauko da giya, ina tafiya kamar mai rakiyar amarya, sai wani jaki da ke ɗauke da taikin gero ya yanko tsakiyar hanya, mai shi na biye da sanda yana ƙoƙarin kore shi. Ba yadda zan yi, na taka da ƙarfina duka. Na ji ƙara a ƙarƙashina kamar an harba bindiga, birkin ya tafi ƙasa ba abin da ya tare shi. Kwanon ya fashe, man birki ya tsiyaye, ba na gaba ba na baya. Na ja birkin hannu, na murɗa sitiyari zuwa rami, amma kafin motar ta kwanta ta riga ta ɗebi jakin da mai shi.

Jakin nan take ya mutu. Mutumin, wani magidanci daga ƙauyen gefen Tsafe, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, har ya bar duniya da sanda yake tafiya. Fasinja sun zube a ciyawa, kowa da ƙujewarsa. Baba ko ƙwarzane bai yi ba. Ya fito ta taga, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya yana kallon gutsattsarin ƙarfen da suka watsu a hanya. Na ga ya sunkuya ya ɗauki guda ya duba bakin karayar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye shi daidai inda ya ɗauka. Maƙeri ne, ya ga abin da ya gani.

'Yan doka suka tsare ni a Tsafe. Washegari Baturen da ke duba motoci ya zo daga Gusau da tafintansa. Baba bai koma gida ba, yana nan tsaye cikin 'yan kallo, wannan ya sa na saki jiki, na ce a raina ya tsaya ne don ya yi magana. Baturen ya sa aka tattaro gutsattsarin aka jera a kan buhu. Ba sai an yi masa bayani ba, ga baƙin wuta, ga sawun masaba jere a gefe. Fuskarsa ta yi ja. Tafinta ya ce, "Bature na tambaya, wa ya sa wannan a wuta?"

Na waiga na dubi Baba. Tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Ban so ya ɗauki laifina ba, nawa na ɗaurawa na nan, zan amsa shi. So nake kawai ya ce ni na ƙera, ni na sa shi, yaro umarnina ya bi. Dattijo ne mai furfura, ba wanda zai ɗaure shi, iyaka a yi masa faɗa a gaban mutane, labari ya kai Bungudu cewa aikin hannunsa ya karya ƙafar mutum. Na jira. Baba ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar damin laujensa, wadda ba abin da ya same ta.

Tafinta ya sake tambaya. Na ce ni ne.

"Kai da ka yi shekara huɗu a gareji, ba ka san ba a sa wannan a wuta ba?"

Na ce na sani.

Kwana biyu bayan haka sabon kwanon ya iso tashar Gusau a cikin akwatin katako, da mai a jikinsa. Akawu ne ya gaya mini, ban sani ba ko don ya ba ni labari ne ko don ya ƙara mini baƙin ciki.

Ranar shari'a maigidana bakanike ya zo, don an kira shi ya faɗi abin da ya ce a yi wa motar. Kafin a shiga ya ja ni gefe, ya riga ya ga gutsattsarin.

"Wannan duka ba hannunka ba ne. Na san hannunka, ko ƙusa ba ka iya bugawa a miƙe. Wanda ya yi wannan ya shekara arba'in yana riƙe guduma." Ya ƙara matsowa kusa da ni. Ya ce, "Shiga ka faɗi gaskiya, ni zan tsaya maka. Zan ce tsohonka ne ya tilasta ka. Za su karɓe lasin shekara ɗaya su mayar maka. In ka ce kai ka ƙona shi da saninka, ka gama tuƙi har abada."

Na ce masa ni na yi. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya tofar da yawu a gefe, ya ce kada in ƙara taka garejinsa. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Shekara huɗu ya yi yana zuba mini abin da ya sani, na je na ƙona shi a wutar gawayi don kada a ce na yi wa ubana gardama.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Mai shari'a ya ce wanda zai gasa birki ya daka shi sannan ya ɗebi mutane bai cancanci ya sake riƙe sitiyari ba. Aka karɓi ɗan littafin lasin nan a hannuna, wani ma'aikaci ya ja masa layi biyu da jan alƙalami ya jefa a aljihun tebur. Alhaji ya ɗauki nauyin jinyar mai jaki, ya kuma aiko a gaya mini kada in bi ta ƙofar kantinsa. Baba bai zo kotun ba, ya ce yana da aikin garma da ya yi alkawari.

Na koma Bungudu don ba ni da wurin zuwa. Na koma maƙera ina da shekara ashirin da biyar, hannuna ya manta abin da ya sani, ƙannena da na bari suna wasan ƙasa sun fi ni iya lauje. Na zama mai fasa gawayi da kai kaya kasuwa a ka. In babbar mota ta wuce ta hanyar Sakkwato ina jin lokacin da direban ya kamata ya canja giya, ƙafata na motsi da kanta. Maganar Tsafe kuwa ba mai tayar da ita a gidan. Na ɗauki shirun Baba a matsayin kunya, na ce a raina ya sani, na sani, baffa ya sani, wata rana in mun keɓe zai ce mini wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Da wannan na riƙa lallashin kaina shekara uku.

Ran nan wata mota ta lalace a bakin gari, direban ya kawo sifirin a yanka masa. Tare muka yi zaman tasha da shi a Gusau, ya gane ni nan take, ya yi ta mamaki. Maƙera cike take da manoma masu jiran aiki. Ya ce shi dai ya ji an karɓe mini lasin, amma bai taɓa jin yadda aka yi ba. Na buɗe baki zan ce ƙaddara ce, sai Baba ya amsa, bai ko ɗago daga aikin da yake yi ba.

"Ƙuruciya ta, ɗana. Ya ɗauki ƙarhen zubi yas sa wuta, yad daka shi, yat tsoma ruwa. Wa ka yi ma ƙarhen zubi haka? Ga ubanai maƙeri zaune gida. Da ya kawo man na gani, da na hana shi."

Manoma suka yi ta girgiza kai suna cewa yaran zamani sai addu'a. Baffa ya saki zugazugi ya miƙe, ya ce bari ya yi alwala, alhali rana ko tsaka ba ta yi ba. Na dubi fuskar Baba ina neman wata alama, ko ƙifta ido, ko rawar murya. Ban ga komai ba. Har yau ban sani ba ko ya maimaita wa kansa ne har ya yarda, ko kuwa yana sane sarai. Na rasa wanne ya fi ciwo a cikin biyun.

Ya juyo ya dube ni a gaban mutanen nan duka. "Ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka na, Baba."

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Ya ba surukaina labarin a haka, ya ba 'ya'yana da suka tasa, duk lokacin da ya juyo ya tambaye ni kuma amsar nan nake ba shi. Ni na yi jinyarsa, ni na sa shi a kabari, ina kuma yi masa addu'a bayan kowace salla don wajibi ne a kaina. Amma ƙarya nake yi in na ce zuciyata ta huce. Baffa ya bi shi ba da daɗewa ba, bai taɓa cewa uffan ba, kuma har gobe in ka tambaya a Bungudu haka za a ba ka labarin, cewa ɗan maƙerin nan ne ya ƙi jin maganar ubansa.